Tsofaffin hotunan iyalan Holand a kasuwar gwanjo: su wa ke ciki, kuma me ke sa musu kuɗi?

Ranar 6 ga watan Yulin 2023, a gidan gwanjo na Christie's da ke Landan, an sayar da wasu ƙananan hotuna biyu na wani dattijo da matarsa a kan fam miliyan 11 da dubu 200, kimanin yuro miliyan 13, wato sama da miliyar 8 na kuɗin sefa. Tsawon kowane ɗayansu bai wuce santimita 20 ba. Da hannu aka zana su, da fenti a kan katako, a shekarar 1635. Mijin sunansa Jan Willemsz van der Pluym, mai sana'ar rufin gidaje da aikin darma a garin Leiden na ƙasar Holand, matar kuma Jaapgen Carels. Ba su riƙe wata sarauta ba, ba su kuma bar wani babban labari a tarihi ba. Abin da ya kai hotunansu wannan farashi shi ne mutumin da ya zana su, wato Rembrandt.

Irin waɗannan hotuna suna da yawan gaske, kuma da wuya wata ya wuce ba a fito da wasunsu gwanjo ba a Landan, Paris, Amsterdam ko New York. An yi su ne domin a rataya a bangon gida, jikoki da tattaɓa-kunne su san fuskar kakanninsu. Amma da zarar hoto ya bar gidansu ya shiga kasuwa, sunan mai zanen ne ke yanke masa farashi, sunan wanda aka zana kuwa sau da yawa a hanya yake ɓacewa.

Ƙasar da ta haifi wannan sana'a

Holand, wadda mata a kasuwanninmu suka fi sani ta hanyar atamfa holandis, ƙaramar ƙasa ce a bakin teku a arewa maso yammacin Turai. Ta shafe shekara 80, daga 1568 zuwa 1648, tana yaƙin ƙwatar kanta daga sarkin Sifaniya. A 1585 sojojin Sifaniya suka kama birnin Antwerp, wanda Faransawa ke kira Anvers, sai ɗimbin fatake da masaƙa da masu sana'a suka yi hijira zuwa arewa, suka zauna a Amsterdam, Haarlem da Leiden, da jarinsu da iliminsu. A 1602 aka kafa kamfanin cinikin gabas, VOC, mai kawo kayan yaji daga Asiya, a 1621 kuma aka kafa na yamma, WIC, mai hulɗa da gaɓar Afirka da nahiyar Amurka. Cikin shekara 70, mutanen Amsterdam suka tashi daga kimanin dubu 50 zuwa kusan dubu 200.

Abubuwa biyu suka sa masu zane a wannan ƙasa suka bambanta da na Italiya ko Faransa. Na farko, jamhuriya ce: attajirai da magadan gari ke riƙe da birane, babu babbar fada irin ta Paris da za ta ɗauki masu zane aiki. Na biyu, addini. A 1566 masu bin sabuwar ɗariƙar Furotesta suka farfasa gumaka da hotunan da ke cikin majami'u, daga baya kuma malaman ɗariƙar Calvin suka hana rataya hoto a wurin ibada, ko da yake ba su hana shi a gida ba. Da mai zane ya rasa aikin coci, sai ya koma ga ɗan kasuwa, likita, fasto da mai masaƙa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa miliyoyin zane-zane aka yi a ƙasar a wancan ƙarni, kaɗan ne daga cikinsu suka kawo yau.

Aikin ba na talaka ba ne. A lokacin da magini ko kafinta ke samun kamar gulda ɗaya a yini, Rembrandt ya karɓi gulda 500 a kan hoto guda na attajiri Andries de Graeff, wanda ya zana a 1639. Akwai dai ƙananan masu zane da ke karɓar abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, shi ya sa har masu matsakaicin hali suka samu shiga.

Yadda ake karanta hoton

Hotunan iyali na wancan zamani iri uku ne. Akwai na mutum ɗaya. Akwai tagwaye, wato miji a allo ɗaya, mata a wani, girmansu ɗaya, ana rataya su gefe da gefe, kuma galibi bayan ɗaurin aure ake yin su. Akwai kuma na gida gaba ɗaya, uba da uwa da ƴaƴa, a cikin ɗaki ko a lambu.

A tagwayen hotuna, mijin yana hagun mai kallo, matar tana dama. Ƙa'ida ce da aka aro daga tsarin tambarin gidaje, inda aka ba namiji gefen da ake ɗauka na girma. Don haka idan aka ga hoton mace ita kaɗai ta ɗan juya tana fuskantar hagun mai kallo, masana kan yi zaton tana da miji a wani allo da ya rabu da ita.

Baƙaƙen tufafin da ke cika waɗannan hotuna ba na makoki ba ne. Rina yadi ya yi baƙi ƙirin ba tare da ya koɗe ba aiki ne mai tsada a lokacin, saboda haka baƙin alharini ko karan-miski shaidar wadata ce da kamun kai. Farin abin wuya ma yana magana. Mai faɗi, mai ninki-ninki kamar dutsen niƙa, yayin farkon ƙarni ne. Daga shekarun 1630 matasa suka koma ga shimfiɗaɗɗen leshi a kafaɗa. Da wannan kaɗai masani zai iya faɗin shekarun da aka yi hoto, ko da ba a rubuta ba. Wasu masu zanen sun sauƙaƙa aikin, sukan rubuta shekara da kuma shekarun mutumin da kalmomin Latin aetatis suae, ma'ana "yana da shekara kaza", wani lokaci tare da tambarin gidansu a kusurwa. Wannan tambari shi ne ya fi taimakawa wajen gano sunan wanda aka manta.

Sauran abubuwan da ke cikin hoton su ma da manufa aka sa su. Kurangar inabi da ta nannaɗe itace tana nufin riƙon aure, kamar yadda ake gani a hoton Isaac Massa da amaryarsa Beatrix van der Laen da Frans Hals ya zana wajajen 1622. Ƴaƴan itace a hannun yaro suna nufin albarkar haihuwa, kare mai biyayya kuma tarbiyya. Ƙananan yara maza sukan sa doguwar riga irin ta mata har su kai shekara shida ko bakwai, abin da ke sa masu gwanjo wani lokaci su rubuta "yarinya" a ƙarƙashin hoton yaro. Waɗanda suka rasu ma ba a barin su a baya. A hoton iyalin Willem van den Kerckhoven da Jan Mijtens ya zana a 1652, wanda ke gidan tarihin birnin Hague, ƴaƴa biyar da suka mutu suna ƙanana an zana su da fukafukai a cikin gajimare, sama da kan iyayensu.

Yadda hoto ke barin gida

Gwanjo ba baƙon abu ba ne ga mutanen da ke cikin hotunan. A Amsterdam ta ƙarni na 17 akwai ofishin marayu, wanda ke sayar da kayan mamaci a bainar jama'a domin a adana wa ƙananan ƴaƴansa kuɗin, akwai kuma ofishin da aka kafa a 1643 domin kayan waɗanda bashi ya karya. Rembrandt kansa ya bi ta wannan ƙofa. Ya sayi babban gida a 1639 a kan gulda 13,000, ya kasa kammala biya, a 1656 ya miƙa dukiyarsa ga masu binsa bashi, aka yi gwanjon kayansa a 1657 da 1658, har da gidan.

Hotunan dangi dai sukan tsira daga irin wannan gwanjo a farko, domin a wasiyya ake barin su ga ɗa ko ƴa, kuma baƙo ba ya marmarin fuskar kakan wani. Matsalar takan zo bayan zuriya uku ko huɗu. Wani gidan yakan ƙare ba magaji. A wani kuma magada sun yi yawa, ga hoto ɗaya wanda ba ya rabuwa kamar gona ko garke, sai a sayar a raba kuɗin. A zamanin yanzu an ƙara da harajin gado, da kuɗin inshora, da na gyara.

Hanyar da hotunan van der Pluym suka bi ta nuna yadda abin ke faruwa. Iyalin suna da dangantaka da Rembrandt, domin ɗansu Dominicus ya auri ƴar kawunsa. Hotunan sun zauna a hannun zuriyarsu shekara 125, har 1760, lokacin da aka yi gwanjonsu a Amsterdam bayan rasuwar wani magaji. Daga nan suka tafi Warsaw ta ƙasar Folan wurin wani basarake, suka biyo ta Paris, suka isa Birtaniya. A watan Yunin 1824 aka sayar da su a Christie's, wani iyali na Ingila ya saya, suka zauna a gidansu kusan shekara 200 ba tare da masanan Rembrandt sun taɓa nazarinsu ba. Wani ma'aikacin Christie's ne ya gan su sa'ad da ya je ƙiyasta kayan gidan.

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, manyan attajiran Amurka irin su Henry Clay Frick da Benjamin Altman suka shiga saye, hotuna masu yawa suka haye teku. Tun a 1883 wasu ƴan Holand suka kafa ƙungiya mai suna Vereniging Rembrandt domin tara kuɗi a riƙe muhimman ayyuka a gida, kuma tana aiki har yau. Ƴan gidaje kaɗan ne suka riƙe nasu. Mafi shahara shi ne gidan Six na Amsterdam, inda hoton kakansu Jan Six, wanda Rembrandt ya zana a 1654, yake hannun zuriyarsa har yanzu.

Yadda gwanjon ke gudana a yau

Gidaje biyu ne suka fi ƙarfi a wannan kasuwa: Sotheby's, da aka kafa a Landan a 1744, da Christie's, a 1766. Akwai kuma Drouot a Paris, Dorotheum a Vienna, da ƙananan gidaje da dama a Holand, Beljiyam da Jamus, inda akasarin hotuna masu sauƙin kuɗi ke fitowa.

Gidan gwanjo dillali ne, kayan ba nasa ba ne. Mai kaya yakan kawo hoto, masanan gidan su duba shi, su rubuta bayaninsa a kundin gwanjo tare da ƙiyasi na ƙasa da na sama. Na van der Pluym an ƙiyasta su tsakanin fam miliyan 5 zuwa 8. Bayan wannan akwai wani farashi na sirri tsakanin mai kaya da gidan; idan tayi bai kai shi ba, tamkar mai kaya ya ce albarka ne, hoton ya koma gida. Ana baje kayan kwanaki kafin ranar domin masu saye su duba. A ranar kuwa ana tayi a cikin zaure, ta tarho da ta intanet, har mai gwanjo ya buga guduma, alamar an sallama.

Kuɗin da aka buga guduma a kansa ba shi ne abin da mai saye zai biya ba. Ana ɗora masa la'adar gidan, wadda takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a ƙananan kaya, tana raguwa idan kuɗin ya yi yawa. Ƴan Nijar sun ga misalin wannan a watan Yulin 2025, lokacin da Sotheby's ya sayar a New York da dutsen nan na duniyar Mars, mai nauyin kusan kilo 25, da aka tsinta a jihar Agadez: an buga guduma a kan dalar Amurka miliyan 4 da dubu 300, amma abin da aka biya ya kai kimanin miliyan 5 da dubu 300. Alƙaluman da jaridu ke bugawa galibi sun haɗa da la'ada.

Gwamnatoci ma suna da ta cewa. A Faransa, bayan an buga guduma wakilin gidan tarihi na ƙasa yana iya miƙewa ya ce gwamnati ta karɓi cinikin a kan wannan farashi, tana da kwana 15 ta tabbatar. Tana kuma iya ayyana hoto a matsayin dukiyar ƙasa, ta hana fitar da shi har wata 30 yayin da ake neman kuɗin saye. Birtaniya ma tana jinkirta ba da izinin fitarwa domin gidajen tarihinta su samu dama.

Abin da ke sa kuɗi

Hoton wani ɗan kasuwa na 1640 wanda ba a san mai zanensa ba ana iya samunsa a kan yuro dubu kaɗan. Wanda ya fito daga shagon sanannen mai zane irin su Michiel van Mierevelt na Delft ko Nicolaes Maes ya fi haka. Na Rembrandt ko Frans Hals kuwa sai miliyoyi: a watan Disambar 2000, hoton Aeltje Uylenburgh, matar wani fasto, ƴar shekara 62, wanda Rembrandt ya zana a 1632, ya kai fam miliyan 19 da dubu 800 a Christie's.

Saboda haka kowace kalma a kundin gwanjo tana da nauyi, kuma a Faransa wata doka ta 3 ga Maris 1981 ce ta fayyace ma'anarsu. Idan an rubuta sunan mai zane shi kaɗai, gidan ya tsaya a kan cewa aikin hannunsa ne. Attribué à na nufin akwai ƙwararan alamu amma babu tabbas. Atelier de na nufin a shagonsa aka yi, ƙila almajiransa ne suka zana. École de na nufin wanda ya koya daga gare shi ko ya bi sawunsa. Dans le goût de da d'après kuwa ba su ɗauki alkawarin komai ba, kwaikwayo ne ko kwafi. Wanda ya sayi hoto mai irin wannan rubutu ya san abin da ya saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani lokaci sa'a takan faɗo ta nan. A ƙarshen 2016, dillalin zane Jan Six, jikan gidan da aka ambata a sama, ya sayi hoton wani saurayi a Christie's a kan fam 137,000. Kundin ya ce aikin wani ne daga kewayen Rembrandt. A 2018 ya bayyana cewa na Rembrandt ne da kansa, kuma Ernst van de Wetering, wanda ya daɗe yana jagorantar binciken ayyukan mai zanen, ya goyi bayansa. Akasin haka ma yana faruwa: wancan bincike, da aka fara a 1968, ya cire sunan Rembrandt daga hotuna da yawa da gidajen tarihi suka daɗe suna alfahari da su.

Ana haɗa idon masani da ɗakin gwaji. Yawancin allunan farkon ƙarnin an yi su ne da katakon itacen da Faransawa ke kira chêne, wanda ake kawowa daga yankin tekun Baltik. Ta ƙirga zoben shekarun da ke jikin katakon ana sanin lokacin da aka sare shi. Hoton asibiti mai ratsa jiki yana nuna abin da ke ƙarƙashin fenti. Launuka ma suna da ranar haihuwa: shuɗin Prusse sai a farkon ƙarni na 18 aka ƙirƙiro shi, farin titaniyom kuma sai a ƙarni na 20. Da irin wannan gwaji aka gano a 2016 cewa wani hoton da Sotheby's ya sayar a matsayin na Frans Hals, a kan sama da dalar Amurka miliyan 10, yana ɗauke da sinadaran zamani, gidan ya mayar wa mai saye kuɗinsa. Bayan suna, ana duba lafiyar hoton: ko an goge shi fiye da kima, ko an yi masa ƙari, ko an rage masa girma.

Miji a wata ƙasa, mata a wata

Dillalai sun daɗe da gane cewa hotuna biyu a rarrabe sukan fi kawo kuɗi, shi ya sa aka raba ma'aurata da yawa. Frans Hals ya zana Isabella Coymans tana murmushi tana miƙa fure, mijinta Stephanus Geraerdts kuma a nasa allon ya buɗe hannu zai karɓa. Yau mijin yana gidan tarihin Antwerp, matar tana hannun masu zaman kansu.

Wani hoton ma wuƙa aka sa masa. A farkon shekarun 1620 Hals ya zana Gijsbert van Campen, mai sayar da yadi a Haarlem, da matarsa da ƴaƴansu sama da goma a kan babban ƙyalle guda. Da aka ƙara haihuwa, wani mai zane, Salomon de Bray, ya ƙara jaririyar a kusurwa a 1628. Daga baya aka yanka hoton gunduwa-gunduwa. Ɓangaren iyayen yana Toledo ta jihar Ohio a Amurka, na yara da keken akuya yana Brussels, kan wani yaro kuma yana hannun wani mai tara zane. Sai a 2018 aka sake jera gutsattsarin uku a bango ɗaya, na ɗan lokaci.

Marten Soolmans da Oopjen Coppit sun tsira daga wannan. Sun yi aure a 1633, Rembrandt ya zana su a shekarar da ta biyo, a tsaye, kowane allo ya fi mita 2, salon da a da sai sarakuna. Daga gidan Van Loon na Amsterdam hotunan suka koma hannun iyalin Rothschild na Paris a ƙarshen shekarun 1870. An daɗe ana kiransu da sunan wasu mutane daban, sai a 1956 wata masaniyar tsofaffin takardu, Isabella van Eeghen, ta gano ko su wane ne. Da Rothschild suka so sayarwa, ba a kai su gwanjo ba. A farkon 2016 Faransa da Holand suka haɗa yuro miliyan 160, kusan miliyar 105 na sefa, kowace ta biya rabi. Holand ta mallaki mijin, Faransa ta mallaki matar, da sharaɗin ba za a taɓa raba su ba: tare suke zuwa Louvre, tare suke komawa Rijksmuseum.

Tarihin mallaka

Kafin babban gidan gwanjo ya karɓi hoto, yakan nemi jerin hannayen da ya bi. Shekarun da aka fi sa wa ido su ne 1933 zuwa 1945, lokacin da gwamnatin Nazi ta ƙwace dukiyar Yahudawa ko ta tilasta musu sayarwa da araha. Jacques Goudstikker, babban dillalin zane na Amsterdam, ya mutu a jirgin ruwa a watan Mayun 1940 yana gudun sojojin Jamus, ya bar hotuna sama da dubu, Hermann Göring ya kwashi mafi kyawunsu. Ɗan littafin da ya rubuta kayansa a ciki ya zama hujja ga magadansa. A 2006 gwamnatin Holand ta mayar musu da hotuna 202, aka yi gwanjon da yawa daga ciki a 2007. Haka hoton Tieleman Roosterman, ɗan kasuwar yadi da Hals ya zana a 1634: an ƙwace shi daga Rothschild na Vienna a 1938, Ostiriya ba ta mayar ba sai 1999, a shekarar aka sayar da shi sama da fam miliyan 8 ga gidan tarihin Cleveland.

Tambayar ita ce dai wadda hukumomin Nijar suka yi game da dutsen Agadez da suka buɗe bincike, ko da yake Sotheby's ya ce an bi ƙa'ida: ta wace hanya abin ya fita, kuma da izinin wa? Hoton da ke da giɓi a tarihinsa yakan rasa masu saye ko da kuwa sunan mai zanen ba shi da shakka.

Wanda ba a rubuta sunansa ba

Wani ɓangare na dukiyar da ta biya waɗannan hotuna daga gumin bayi ya fito. Kamfanin WIC ya mamaye arewa maso gabashin Birazil daga 1630 zuwa 1654 saboda gonakin rake, a 1637 kuma ya ƙwace ganuwar Elmina, a Ghana ta yau, daga hannun Fotugal, Holand ta riƙe ta har 1872. Jiragen ƙasar sun kwashi ƴan Afirka kimanin dubu 600 zuwa nahiyar Amurka. Mahaifin Marten Soolmans yana da matatar sukari a Amsterdam, ɗanyen sukarin kuma daga Birazil ake kawo shi. Bayan rasuwar Marten a 1641, Oopjen ta auri wani hafsan soja da ya yi aiki a can. Rijksmuseum ya ba da wannan labari a baje kolinsa kan bauta a 2021. Firaminista Mark Rutte ya nemi gafara a madadin gwamnati a watan Disambar 2022, sarki Willem-Alexander kuma ranar 1 ga Yulin 2023.

A wasu hotunan, ɗan Afirkan yana ciki da kansa. A na iyalin van den Kerckhoven, wani yaro baƙar fata ne ke riƙe da doki a gefe. A wani babban hoton Hals na shekarun 1640, wanda ke gidan tarihin Thyssen-Bornemisza a Madrid, miji da mata suna riƙe da hannun juna, ga ɗansu da ƴarsu, a ɗan bayansu kuma wani yaro ɗan Afirka yana kallon mai kallo kai tsaye. Wasu masu bincike suna ganin iyalin wani shugaban ganuwar Elmina ne. Tsofaffin kundayen gwanjo kan ambaci irin waɗannan yara da kalmar "bara" kawai, ko su tsallake su. Yanzu masana suna bin rajistar baftisma, ta aure da takardun notaye na Amsterdam, inda aka gano cewa wasu ƴan Afirka masu ƴancin kansu, akasari ma'aikatan jirgin ruwa da iyalansu, sun zauna a unguwa ɗaya da Rembrandt.

Aikin maido da sunaye, na attajiran da na barorinsu, yana gudana ne musamman a cibiyar RKD da ke Hague, wadda ke tara bayanan hotunan mutanen Holand, kuma kowa na iya bincika rumbunta ta intanet. Rijksmuseum ma ya sa hotunan kayansa a shafinsa kyauta. Jan van der Pluym da Jaapgen Carels suna cikin waɗanda ake iya gani: wani attajiri ɗan Holand ne ya saye su a gwanjon 2023, ya ba gidan tarihin aro na dogon lokaci, kuma tun watan Disambar shekarar aka rataye su tare a Amsterdam, shekara 263 bayan gwanjon da ya fitar da su daga birnin.